Gizo da Sanda a Hannu: Nazari a kan Halin Tauraron Ban Dariya

1. Gabatarwa

Tun daga 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, masu shirya littattafan karatu suke ɗebo tatsuniyoyin Gizo, domin yara da manya ƴan yaƙi da jahilci duk sun san shi tun daga gida. Amma akwai wata tatsuniya da takan raba kan masu zaɓe, wato wadda Gizo ya tashi daga zamba ya kai ga kisa. Wasu na ganin a nan ne halinsa ya nuna, ya kai maƙura. Wasu kuwa na cewa an ɓata tauraron, an mai da abin dariya abin tsoro. Wannan maƙala za ta duba ra'ayoyin biyu.

2. Tatsuniyar

Yunwa ta kama Gizo, sai ya kira gayya. Ya gayyaci kaza, da muzuru, da kare, da kura, da damisa, da zaki, kowa ba da sanin mai cin sa ba. Duk wanda ya iso, ya hango na gaba da shi, sai Gizo ya nuna masa wurin ɓuya, sa'an nan ya tona shi ga baƙon. Muzuru ya kashe kaza, kare ya kashe muzuru, haka har aka kai ga damisa da zaki. A ruwayar da Tremearne ya buga a 1913, da manyan biyu suka sarƙe da faɗa, Gizo ya ɗauki sanda yana jibgar su, yana yi kamar mai rabo, har suka mutu, ya kwashe naman duka.

3. Ra'ayoyi biyu

Masu yabo suna auna tatsuniyar da ma'aunin ƙagaggen labari, inda ake son tauraro ya sauya. Misalinsu shi ne Abubakar na Jiki Magayi, littafin John Tafida da Rupert East na shekarun 1930: saurayi ne mai son Zainabu, mai kuɗi ya ƙwace masa ita, baƙin ciki ya mai da shi mai neman fansa. Wannan sauyi ne na gaske, domin mai karatu ya ga mafarinsa, ya ga abin da ya jawo. Gizo kuwa babu wanda ya cuce shi, kuma gobe da dare zai sake fitowa a wata tatsuniya yadda yake jiya. Ba a yi masa tarihin da zai girma a cikinsa ba.

Masu suka su ma sun kuskure, domin sun ɗauka Gizo na dariya dabam, na kisa dabam. A duba yadda kisan ya gudana. Kaza da muzuru da kare da kura duk da baki ya kashe su, haƙorin wani ya ara. Bai taɓa sanda ba sai da ya tabbata zaki da damisa ba su da sararin waiwayo, kuma ko a lokacin bakinsa sulhu yake kira. Haɗama, da tsoro, da daɗin baki, su ne suka ba mu dariya sa'ad da ya haɗa giwa da dorina jan igiya, kowace tana zaton da shi take ja. Su ne kuma suka zubar da jini a nan. Hausawa sun ce hali zanen dutse. Abin da ya ƙaru shi ne yawan ɓarnar, kuma mai saurare, yana cikin dariya, sai ya farga da irin wanda yake mara wa baya. Gwanintar tatsuniyar ke nan.

4. Abin lura ga masu tsara littattafai

Gyara iri biyu ne ke iya lalata wannan labari. Na farko, a cire kisan don tausayin yara, a ce dabbobin sun gudu. In an yi haka, zamba ta zama wasa marar hasara, yaro ya tashi da cewa mai wayo ba ya cutar kowa. Na biyu, a ƙara wa Gizo ƙarfi, a zana shi yana fuskantar zaki gaba da gaba. Wannan ya fi muni, domin ya mai da matsoraci jarumi, ya sa duka ya zama abin sha'awa.

Shawararmu ita ce a bar tatsuniyar yadda take, a sa ta a littafin manya da na azuzuwan gaba, a bi ta da tambayoyi: wa ya kashe kaza, muzuru ko Gizo? Me ya sa kowane baƙo ya yarda da gayyar? Haka kuma, marubucin da ke son tauraronsa na ban dariya ya ɗauki makami, sai ya tabbata halin da zai kai shi ga haka yana nan tun shafin farko, a cikin abin da ya fara ba mai karatu dariya.