Zanen Aro A Jikin Karta

Wani abu ne ya faru a gidan yayana a Kurfi ranar wani suna, tun lokacin yake cina a rai, na ce bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Bayan la'asar jama'a ta ragu, sai na leƙa ɗakin 'yan mata na iske sun yi da'ira a kan tabarma, an yi tsit kamar ana rabon gado. 'Yar ƙanena da ke karatu a nan Dutsin-Ma ita ce a tsakiya, ta baje wasu katuna masu sheƙi. Na ce ke, karta kuke yi a gidan suna? Ta ce, "Gwaggo, ba ta caca ba ce, sunanta tarot, ƙawata ta sayo ta intanet. Kuma wannan ta 'yan Afirka ce, duba ki gani, mu ne a ciki."

Na karɓa na duba, guda 78 cif. Gaskiya mai zanen ya iya hannunsa, launin nan kamar ka lasa. To amma da na ƙura ido sai dariya ta kama ni. Ga mace guda an ɗaura mata gwaggwaro irin na Yarabawa, an zuba mata duwatsun wuya irin na Masai na ƙasar Kenya, bayanta kuma dalar Fir'auna. Wata an naɗe mata fuska da baƙin rawanin Buzaye, ido kawai ake gani. Duk yarinyar da ta taɓa ganin Buzu mai gadi ta san a wurinsu namiji ne ke rufe fuska, matansu fuska a buɗe suke yawo. Wato an shiga akwatin kowa an ɗauko zane ɗaya ɗaya, an jibga wa mutum guda, an ce ga Afirka.

Ita wannan karta tun fil'azal da aro ta tashi. Kartar wasa daga Masar ta shiga Turai wajen shekarun 1370. Wajen 1440 masu sarauta a Italiya suka ƙara mata wasu katuna masu hotuna suna wasansu na nishaɗi, ba mai duba da ita. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya rubuta cewa wai asirin malaman Masar ta dā ne aka ɓoye a cikin hotunan. Alhali a lokacin duk duniya ba wanda ya iya karanta rubutun Fir'aunoni, sai a 1822 aka gano kansa. Kin ji inda aka fara ɗaura mata zanen da ba nata ba. Wadda ta fi yaɗuwa a duniya an buga ta a Landan a 1909, wata mace ce ma ta zana, Pamela Colman Smith. Daga baya kowa ya shigo da nasa. A 1981 wasu mata biyu a Amurka suka fitar da Motherpeace, katunanta zagaye kamar faifai, cike da matan ƙabilu daban daban. Har da wadda aka yi da abubuwan bautar Yarabawa. Ƙashin bayan dai guda ne, na Turai, tufafin kawai ake sauyawa.

Kada a ce na cika tsanani, ni ban ga laifin aro don shi aro ne ba. Atamfar Holan da muke kashe kuɗin adashi a kanta, salon rininta daga Indunusiya Turawa suka kwaso, ga shi ta zama tamu har ba a cika lefe sai da ita. Bugun ƙasa ma da gidajensa 16 daga Larabawa ya zo mana. Ko 'yan bori, a cikin iskokinsu akwai Bafilatana, akwai Buzu, akwai Bature. Ba yabonsu nake ba, malamanmu sun daɗe da yi mana kashedi a kan duba kowane iri ne, kuma sanya shi a kwali mai sheƙi bai canza hukuncinsa ba. Abin da nake nufi, wanda ya kwaikwayi Bafilatana a nan ya san ta, ya sayi nononta, ya yi ciniki da ita har sun yi faɗa. Shi kuwa mai wannan zane daga gani a hoto ya san mu. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Da a nan abin ya tsaya da na yi dariyata na wuce. Amma a cikin masu zaman akwai 'yar yayana, amarya ce wata bakwai, tana da uwargida, suna zaman lafiya daidai gwargwado. Kwanakin nan maigidan ya rage sakin fuska, kasuwa ce ta ƙi, amma wa zai gaya wa amarya haka ta yarda? Ta ce a duba mata. Ta ja kati, sai ga mace a zaune ta lulluɓe, riƙe da ƙwarya an rufe ta da faifai. Ɗalibar ta buɗe ɗan littafin da ke cikin kwalin ta fassara mana, wai wannan alamar ilimin ɓoye ce, da sirrin da mace ke ji a zuciyarta.

Ina kallon fuskar yarinyar nan ta sauya. Ita ba ta ji "ilimi" ba, "ɓoye" kawai ta ji. Mace, lulluɓi, rufaffiyar ƙwarya, sirri. A gidan da ke da mata biyu wannan lissafin ba ya buƙatar malami.

A nan ne nake ganin babban aibin waɗannan katuna. Da hoton wata Baturiya ce da kambi a ka, da yarinyar ta kalla ta ce tatsuniyar wasu ce. Amma da aka sa ƙwarya da faifai, kayan ɗakin uwarta, sai abin ya yi mata magana da harshen gida. Mai zanen ya ɗauki ƙwarya don ta yi masa kyau a ido, bai san nauyin da rufaffiyar ƙwarya ke da shi tsakanin kishiyoyi ba. Shi ya yi adonsa ya karɓi kuɗinsa a can, mu aka bari da fassara.

Ta koma gida ta daina cin girkin uwargidanta. Ranar girkin waccan sai ta ce cikinta ke ciwo, ta jiƙa gari a ɗaki. Uwargida ta lura, ta yi shiru kwana biyu, ran na uku ta tambaya, magana ta yi tsawo har ta kai ga maigida. Amarya ta yi yaji, sati 3 tana gaban uwarta. Ni aka tasa daga Dutsin-Ma na je biko tare da yayana, don ni na ga farkon abin.

Na sa ɗalibar ta ba ni katin, na tafi da shi a jaka. Da aka zauna na fito da shi na ajiye a tsakiya, na ce ga abin da ya raba ku. Uwargidan ta ɗauka ta juya shi, ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi amaryar ta ce, "Haba ƙanwata. Wannan ai fura ce aka kawo wa baƙo. Ga shi ma wanda ya zana ya manta bai sa ludayi ba."

Amarya ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ki yafe mini." A daren ta koma ɗakinta. Katin yana nan wurina, na sa shi cikin littafin adashi ina gane shafin da na tsaya.