Hotuna a Littafin Headway na Koyon Ingilishi

Liz da John Soars ne suka rubuta Headway, kamfanin Oxford University Press kuma ya fara buga shi a 1986. Abin da ke fara jan idon ɗalibi shi ne tsarin shafinsa: hotuna masu launi, nahawu a cikin akwati, nassi gajere. Wannan tsari abin yabo ne, domin ido yana gane mafarin aiki da ƙarshensa ba sai malami ya nuna ba.

Amma hotunan sun wuce ado. John Gray ya nuna a littafinsa na 2010 cewa irin waɗannan littattafai cike suke da mutanen da suka yi nasara, masu tafiye-tafiye da saye-saye. Ɗalibi na iya ɗauka Ingilishi harshen masu hali ne kawai, tunda da wuya ya ga talaka yana magana da shi.

Mai shirin zama malamin Ingilishi a Yamai ko Damagaram zai tarar da wata matsalar dabam. In ya yi fotokwafin shafi ya fito baƙi da fari, tambayar launin riga ta zama banza. Sai ya koma allo ya zana rigar da alli mai launi, in yana da shi.