Jinjina Ga Mawaƙan Majami'un Zuru

Mawaƙan Soweto na Afirka ta Kudu, da aka kafa ƙungiyarsu a 2002, sun zaga Turai da Amurka suna cika manyan ɗakunan taro. Namu na Zuru tafiyarsu ba ta jirgin sama ba ce, amma ni a wurina sun fi cancantar jinjina.

Dubi 'yan Zumuntar Mata idan taron shekara ya zo. An dawo daga gona da la'asar, a wanke ƙafa a nufi majami'a koyon waƙa, ba takarda, sai kunne. Ɗaya ta ɗauko baiti da harshen C'lela, saura su amsa da Hausa, mai tulu tana dukan bakinsa har ƙasa ta ɗauka. Kuɗin mota karo-karo ne, wata sai ta sayar da mudun dawa. A ɗaure zanen anko, a cika bas maƙil, a kama hanyar Tungan Magajiya ko Kontagora, ana waƙa tun daga tasha duk da ramukan hanya da fargabar 'yan bindiga.

In an tashi taro sukan leƙa kasuwar garin, su sayo wa yara tsaraba, kowacce murya a dushe.