Webhuk: Wurin Da Bai Kamata A Sa Hannu Da Gaggawa Ba

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, biya ta waya ya zama ruwan dare a Kafanchan, daga mai shagon kayan masarufi har dillalin citta da ke kai-komo tsakanin Kwoi da Kachia. Makarantun kuɗi da ƙungiyoyin adashe ma sun shiga neman wanda zai haɗa musu manhajar karɓar kuɗi. Masu yi kuwa akwai su. Gidauniyar Fantsuam, da aka kafa a 1996, ta daɗe tana koyar da kwamfuta a garin, ga kuma ɗaliban reshen jami'ar jihar Kaduna.

Abin da ke damuna wata sabuwar ɗabi'a ce. Matashi ya ɗauko kod daga GitHub, ko ya sa ChatGPT ya rubuta masa gyara, ya tura wa abokin aikinsa ya duba, shi kuma ya danna amincewa kafin shayinsa ya huce. In launin shafi aka canza, ba komai. In webhuk aka taɓa, wannan sakaci ne.

Webhuk shi ne saƙon da kamfanin biya, irin Paystack ko Flutterwave, ke aiko wa sabarka cewa wane ya biya. Ƙofar da saƙon ke shigowa a buɗe take a intanet, duk wanda ya san adireshin zai iya aiko da nasa. Ɗan kasuwar da aka taɓa damfara da alat na bogi ba ya sakin buhu sai ya ga kuɗi a asusunsa; manhaja ma haka ya kamata ta yi. Shi ya sa Paystack ke haɗa kowane saƙo da sa hannu da aka lissafa ta hanyar HMAC SHA512 da makullinka na sirri. Matsalar ita ce lissafin ya dogara da ainihin rubutun saƙon. Ƙaramin gyaran da ya sauya jerin bayanai, ko ya ƙara gurbi ɗaya, zai sa sa hannun ya daina dacewa. Mai rubuta kod ya gaji da neman matsalar, sai ya kashe tantancewar wai na ɗan lokaci, ya manta. Layi ɗaya ne cikin ɗaruruwa, kuma komai zai ci gaba da aiki lafiya lau, har ranar da wani ya biya kuɗin makaranta da saƙon da ya ƙirƙira da kansa.

Sai maimaici. Idan sabarka ba ta amsa da lamba 200 ba, Paystack na ci gaba da sake aiko da saƙon har tsawon awa 72. Manhajar da ba ta duba lambar shaidar biya don ta gane ta taɓa ganinsa, za ta rubuta wa mutum zubi biyu alhali ɗaya ya yi. A adashe, ma'aji za a tuhuma, ba mai kod ba. Kuɗin ma da kobo Paystack ke aiko shi: 5,000,000 na nufin naira 50,000, kuma dole a gwada shi da abin da ake bin mutum.

Na san abin da za a ce: yawanci mutum ɗaya ne ke aikin, mai makaranta na matsa masa a gama kafin a koma hutu, kuɗin kwangilar kuma bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne. Amma ba duk manhajar nake cewa a bi layi-layi ba. Fayil ɗin webhuk kaɗai, a nemi wani ya karanta, ko da daga Jos ne ko Kaduna, a biya shi. Shi kuma kada ya amince sai ya gwada da makullin gwaji: ya aika saƙo ɗaya sau biyu, ya aika wani da sa hannun ƙarya, ya aika wani da kuɗin da bai cika ba, ya ga abin da manhajar ta rubuta a kundin lissafi.