Yaran da ke gina Adar a taku biyar

A Turai akwai manya masu gemu da ke ɓatar da shekaru suna gina ƙaramar duniya don jirgin ƙasa na wasa ya ratsa ta. Ma'aunin da suka fi amfani da shi shi ne 1 bisa 87, wato dogon mutum ya koma santimita 2. A birnin Hambag na Jamus ma an buɗe katafaren gidan kallon irin wannan aiki a 2001. Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa garuruwan Adar irin su Madawa ko Buza ko Keita ba, amma wannan basira tana nan a hannun yaranmu, kuma babu abin da suke saye a kanti.

Da mota ake farawa. Yaro zai zaɓi busasshen karan dawa, ya feɗe ɓawon da reza ya fitar da siraran tsinkaye, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa. Tsinken ɓawo shi ne ƙusa, totuwa kuma katako. Taya daga sakaina ko tsohon silifa ake yanko ta. Abin da yake kwaikwayo kuwa yana gabansa kullum: manyan motocin albasa da ke bin kwaltar Yamai zuwa Damagaram, an lafta musu buhuna har sama.

Gwanintar gaske sai ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi danshi. A nan babban cikinsu zai ja layi da tsinke ya ce, "Ƙane, nan ne hanya, kar ka taka." Hanya ake fara shatawa, domin faɗin mota ne ke yanke hukuncin komai. Idan rumbu ya fi mota tsawo sau biyar, ko gada ta kasa ɗaukar taya biyu, aiki ya ɓaci, kuma da ido kawai suke gane hakan.

Daga nan sai tudu. Suna tara tsakuwa mai duhu, su daddale samanta, saboda duwatsun Adar shimfiɗaɗɗen kai gare su. Su yaga ƙorama da yatsa daga gindin tudun zuwa fadama, su yayyafa farin rairayi a cikinta. A fadamar su tsaga fangalin albasa, su dasa tsirin ciyawa. Rumbunan laka masu tumbi, waɗanda aka san ƙauyukan yankin da su, ana mulmula su a tafin hannu a kifa musu hular ciyawa.

Idon yaran ba ya barin komai. Ɗan kwarin Majiya zai jera rassan dogon yaro layi bibbiyu, domin haka aka dasa itatuwan kare iska a kwarinsu tun daga 1975, da taimakon ƙungiyar CARE. Ɗan Keita kuwa zai jera ƙananan duwatsu a gicciye a jikin tudu, irin waɗanda iyayensa mata suka ɗauko a ka a aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO.

Gwaji na ƙarshe shi ne buta. A tsiyaya ruwa a kan tudu, kowa ya zuba ido. In ruwan ya cinye hanya, sai a tona a saka gwangwanin tumatir da aka fasa gindinsa ya zama kwalbati. In ya kwashe fangali, a ƙara jerin duwatsu a sama. Yaron da ya yi haka ya riga ya fahimci cewa daga tudu ake tare ambaliya.

Hausawa sun ce wasa farin girki. An aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maradi a 2021, kuma irin wannan aiki na bukatar masu awon ƙasa da magina gada. Malamin makaranta da ya ware wa ɗalibansa kusurwar fili, ya ba su igiyar awo, ya ce su gina kwarin garinsu bisa ma'auni, ya koyar da lissafi da labarin ƙasa a yini guda.