Waƙar Fim a Majalisar Abokai: Tsokaci Daga Garin Minna

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin Hausa sun daɗe da raba waƙa gida biyu, wato waƙar baka da rubutacciyar waƙa, kuma kowane gida an yi masa ma'auni. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa mana gadon feɗe rubutacciyar waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Sai dai akwai wata waƙa ta uku wadda ta fi waɗannan biyu yawo a kunnen ɗalibanmu, amma ba kasafai take samun kujera a ajinmu ba. Ita ce waƙar fim. Wannan maƙala za ta dubi yadda abokai ke musayar irin wannan waƙa a tsakaninsu, musamman a garin Minna, domin mu nuna cewa majalisar abokai ita ce kotun farko da ake yanke wa waƙar fim hukunci, sannan mu auna inda hukuncin nata ya yi daidai da kuma inda ya gaza.

2.0 Me Ya Sa Minna?

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan Minna da wannan batu, alhali Kano ce cibiyar shirya finafinan Hausa? Amsar ita ce, maƙera daban, kasuwa daban. Wanda ke son sanin kaifin lauje, gona zai je.

Minna asalinta garin Gwari ne. Layin dogo na Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 shi ya mayar da ita mahaɗa, ya jawo mata fatake da ma'aikata daga ƙasar Hausa da Nufe da ƙasar Yarabawa. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 ta zama babban birni, a 1983 kuma aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a cikinta. Saboda haka idan mutum ya zauna a teburin mai shayi a Limawa ko Kwangila, ko a ɗakin ɗalibai a Bosso, zai tarar da Bahaushe da Bagwari da Banufe suna hira da Hausa, alhali ba dukkansu ne suka sha ta a nono ba. A irin wannan zama, waƙa ba ta da dangin da za su tsaya mata. In ta shiga, da ƙarfinta ta shiga. Wannan ne ya sa muke ganin Minna ta dace da zama ma'aunin abin da ke sa waƙa ta tashi daga hannu zuwa hannu.

3.0 Tushen Al'adar

Al'adar yi wa aboki kyautar waƙa ta girmi fim ɗin Hausa. Magabatanmu sun san shirin Zaɓi Sonka na gidan Rediyon Kaduna, inda mutum zai aika da kati ya zaɓi waƙar Mamman Shata ko ta Ɗan Maraya Jos, ya jero sunayen abokai da 'yan'uwa a gaishe su da ita. Tun a nan waƙa ta zama tamkar goro, abin miƙawa domin ƙulla zumunci.

A ɗaya ɓangaren kuma, tun wajen shekarun 1960 finafinan Indiya suka samu gindin zama a gidajen silima na Arewa, ta hannun 'yan kasuwa Kwarori. Finafinai irin su Mother India na 1957 da Sholay na 1975 da Disco Dancer na 1982 sun shiga jinin matasa, har aka laƙaba wa taurarinsu sunayen Hausa, kamar yadda aka kira Dharmendra da Sarkin Ƙarfi. Muryoyin Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar da Kishore Kumar suka zama 'yan gida. Da rikoda da kaset suka wadata, sai aboki ya riƙa naɗar wa abokinsa zaɓaɓɓun waƙoƙi, ya rubuta sunayensu da biro a bayan kwali yadda kunnensa ya jiye masa.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan masu wannan musaya ba sa jin harshen Hindi. Abin da suke miƙa wa juna shi ne karin murya da kiɗa da kuma tunanin wurin da aka rera waƙar a cikin fim. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya yi rubutu a kan wannan ƙauna a 1997, ya kuma nazarci masu bandiri irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗaukar karin waƙar Indiya su zuba masa baitocin begen Manzon Allah (SAW). Haka kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin yadda makaɗa irin su Abdu Yaron Goge suka ari karin Indiya tun kafin zuwan bidiyo. Ashe ke nan kari kan riga kalma isa gari.

Da finafinan bidiyo na Hausa suka kunno kai da Turmin Danya a 1990, ba a daɗe ba waƙa ta zama ginshiƙinsu. Sangaya na 1999 da Wasila na 2000 sun tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da fim. Aka ɗauko tsarin Indiya na mawaƙin bayan fage: Misbahu M. Ahmad ko Rabi Mustapha su rera a situdiyo da kiɗan fiyano, ɗan wasa kuma ya bi da baki a gaban kyamara. Daga kaset aka koma faifan CD, daga nan sai memori da shagunan masu tura waƙa a waya, sai kuma WhatsApp da YouTube. Kayan aiki sun yi ta sauyawa, amma hannun da ke miƙawa bai sauya ba, hannun aboki ne.

4.0 Majalisa a Matsayin Mai Tarke

Mu a jami'a mukan ɗauka tarke sai da alƙalami. Amma wanda ya saurari abokai suna gardama a kan waƙa zai ga suna aiki da ma'aunai, ko da ba su raɗa musu suna ba. Mun lura da guda uku.

Na farko, majalisa takan raba waƙa da hoto. A cikin fim, waƙa na da mataimaka: kyawun 'yar wasa, sutura, rawa, furannin lambu. Da zarar an tura ta a waya, aka saka a aljihu, duk waɗannan sun faɗi, saura murya da kiɗa da kalma. Waƙoƙi da yawa a nan suke mutuwa. Wadda ta rayu kuwa, sau da yawa takan binne fim ɗin da ya haife ta. Mutane nawa ne za su iya rera amshin waƙar Sangaya a yau, amma in an ce su kawo labarin fim ɗin daki-daki sai su yi ta inda-inda?

Na biyu, majalisa takan gwada amshi. Waƙar da aboki zai ji sau biyu ya kama amshinta, ita ce ke tafiya. Wannan ma'auni ba baƙo ba ne. Shi ne dai na waƙoƙin gaɗa a dandali, inda zabiya ke bayarwa 'yanmata na karɓa. Saboda haka masu cewa waƙar fim ɗungurungum baƙuwa ce sun yi gaggawa. Zubin nan na namiji ya yi ɗango mace ta mayar masa, ko da an gan shi a finafinan Indiya, ya tarar da ƙasa mai dausayi a al'adar bayarwa da karɓa da Bahaushe ya gada.

Na uku, majalisa takan nemi waƙar da za ta yi mata magana. Tarbiyyar Bahaushe ta ginu a kan kunya da kawaici, akwai abin da saurayi ba zai iya furtawa da bakinsa ba, ko ga budurwa ko ga amini. Sai ya tura waƙa ta zama ɗan aike. Wanda aka yaudara yana da tasa, wanda ke kewar gida yana da tasa. Farin jinin mawaƙa irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef yana da alaƙa da wannan buƙata. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta bazu ta hanyar wayoyin jama'a, har matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka rawarta a gaban mazajensu, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce. Waƙar ba ta jira wani fim ya goya ta ba. Wannan ya nuna cewa ɗan da fim ya rena ya girma har ya yi nasa gida.

5.0 Inda Hukuncin Majalisa Ya Gaza

Duk da haka, ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda. Kunnen da ya shekara talatin yana jin daɗin waƙar da bai san ma'anarta ba ya saba da yafe wa kalma. Wannan gadon ne ya fi damunmu a matsayinmu na masu nazarin harshe da adabi.

Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ita, karin sauti ne ya raba su. Garin da ake zama da garin da ake tuwo, tsawon wasali ne ya raba su. Makaɗan baka irin su Shata da Musa Ɗanƙwairo sukan gina karin waƙa a kan karin magana, shi ya sa ko a tsakiyar kalangu ko kotso kalmarsu ke fita tangaran. Amma idan mawaƙi ya ɗauko karin da aka ɗinka wa wani harshe, ko ya bar mai fiyano ya riga shi yanka kiɗa, dole ya tanƙwara kalmomi su shiga rigar da ba tasu ba. Sai a ja gajeren wasali, a daƙile dogo, a ɗaga inda ya kamata a sauke. Majalisa ba ta cika kama wannan laifi ba, domin daɗin kiɗa ya rufe shi. A gari irin Minna kuwa, inda yara da yawa ke tsintar wani kaso na Hausarsu daga waƙa, abin ya wuce batun ado, ya shafi irin Hausar da za a gada.

Rauni na biyu shi ne bautar amsa-amo. Mawaƙi kan zaɓi harafin ƙarshe tun kafin ya san abin da zai faɗa, sai ya yi ta tara kalmomi masu ƙarewa da shi, ko sun hau ko ba su hau ba. Ɗango kan cika da sauti, ma'ana kuwa ta zube. Na uku shi ne ƙuncin jigo da maimaita siffantawa: zuciya, hawaye, fure, tauraro, madara da zuma. Ba laifi ba ne a yi waƙar soyayya, amma mawaƙin da ke zaune kusa da kasuwa da tasha da gona, me ya hana shi ɗebo hotunansa daga can?

Mun kawo wannan ne domin muna ganin sawunsa a waƙoƙin da ɗalibai ke aiko wa mujallu irin wannan. Da yawansu kunnensu a situdiyo ya yi makaranta kafin su san ƙafar waƙa ko arulla. Ba za mu ce su toshe kunne ba. Abin da muke nema shi ne su saurara da hankali biyu, na mai jin daɗi da na mai feɗewa.

6.0 Abin Da Ya Rage Gare Mu

Akwai aiki iri biyu a gaban sassan Hausa. Na farko shi ne adanawa. Kaset yakan cinye zare, faifai yakan karce, memori kan goge a dare ɗaya. Waƙoƙin finafinan farko da dama sai a hannun ɗaiɗaikun masoya ake samunsu, kuma sau da yawa ba a san wanda ya rubuta ba, ba a san wanda ya kaɗa ba, sunan ɗan wasan da ya bi da baki kawai ake tunawa. Ɗalibin da ya zagaya unguwannin Minna ya tattaro irin waɗannan waƙoƙi, ya rubuta matani, ya tantance mawaƙi da makaɗi da shekara, ya yi wa adabi hidimar da ba ta gaza ta wanda ya tattaro tatsuniya ba.

Na biyu shi ne samar da ma'auni. Waƙar fim ba ta zauna daram a gadon rubutacciya ba, domin da kiɗa aka haife ta. Ba ta kuma zauna a na baka ba, domin akan rubuta ta, a naɗe ta sau ɗaya, ba ta sauyawa daga dandali zuwa dandali kamar waƙar Shata. Tana buƙatar ma'aunin da zai dubi jituwar karin waƙa da karin harshe, da dangantakar waƙa da labarin fim, da kuma rayuwarta bayan ta bar fim.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa musayar waƙoƙin fim tsakanin abokai tsohuwar al'ada ce da ta sauya riga, daga katin Zaɓi Sonka zuwa kaset, daga kaset zuwa waya, kuma majalisa na da ma'aunanta na tarke waɗanda suka cancanci girmamawa. Mun kuma nuna cewa kunnen majalisa ya fi kaifi a wajen kiɗa fiye da wajen kalma. Tun da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta kafu a 2001, yawancin muhawarar da ake yi a kan waƙar fim ta tsaya ne a kan rawa da sutura da tarbiyya. Wannan muhawara na da muhallinta, amma ta bar harshen waƙar ba mai tsaro. Gyaran wannan gibi ba aikin hukuma ba ne, aikinmu ne, malamai da ɗalibai. Idan aboki ya turo maka waƙa gobe, ka ji daɗinta tukuna, sannan ka ɗauki takarda ka rubuta baitocinta, ka karanta su ba tare da kiɗa ba. Abin da ya tsaya da ƙafarsa a kan takardar, shi ne rabon adabi.