Igiya Huɗu da Katako Guda: Gwanintar Masu Lodin Babur

Babur ƙafa biyu gare shi, don haka ba ya tsayuwa da kansa. Ko dai yana gudu, ko an kafe shi, ko wani na riƙe da shi. Ga shi kuma ana so ya tsaya ƙyam a bayan motar da za ta taso daga Kano, ta bi Kaduna da Mokwa da Jebba har Legas, tafiyar wajen kilomita 1,000 a hanya mai ramuka da kwana. Wanda ke sa hakan ta yiwu shi ne ɗan lodi, mutumin nan da ake gani a tasha da tsohuwar riga da igiya a kafaɗa, wanda sau tari mai babur ko sunansa ba ya tambaya.

Kasuwar wannan aiki takan buɗe duk sa'ad da aka hana acaɓa a wani birni. Kano ta hana a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Legas ta hana a wasu yankunanta a 2020, ta ƙara tsanantawa a 2022. Idan aka rufe wa ɗan acaɓa wannan gari, sai ya ɗora abin neman abincinsa a mota ya nufi wani. A watan Agustan 2019 jami'an Legas sun tare wata babbar mota da ta taso daga Jigawa ɗauke da babura 48 da mutum 123. An yi ta muhawara kan mutanen, amma ni baburan suka tsaya mini a rai, domin wani ne ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure, suka ratsa ƙasar nan daga arewa zuwa kudu.

Gwani ba ya fara taɓa igiya. Salansa yake fara dubawa, ya kai bayan hannu kusa da ita ya ji ko ta huce, don salansa mai zafi tana cinye igiyar roba, tana kuma ƙona ƙaurin mai turawa. Daga nan ya jijjiga babur ya saurari tanki. In ya ji shi cike, zai ce wa mai shi, Malam, a rage man nan. Sai ya rufe makunnin mai, wani lokaci ma ya bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, don ɗan abin da ya rage a kafireto ya ƙare. Fetur da ya ɗiga a kan katakon mota, ga rana, ga wani yana kunna taba a gefe, wanda ya taɓa ganin ƙarshen wannan ba ya son a maimaita. Madubai biyu kuwa kwance su yake yi ya miƙa wa mai babur, ya ce a sa a jaka.

Hawa da babur cikin mota shi ne inda masu gaggawa ke jin kunya. Boxer, wanda yawancin 'yan acaɓa ke hawa, nauyinsa ya haura kilo 100, ƙananan da ake kira roba-roba kuma sun ɗan fi sauƙi. In akori-kura ce, ƙarti huɗu sun isa su cicciɓe shi. In mota ce mai tsayi, sai da katako. Ɗan lodi yana neman katako mai tsawo, domin yawan tsawonsa shi ne sauƙin gangarensa, in ma da tudu kusa sai ya sa direba ya ja da baya ya jingina da shi. Yakan ɗaure kan katakon a jikin mota don kada ya zame. Ba ya yarda wani saurayi ya hau babur ya murza ya haye da gudu, komai cika bakinsa. Turawa ake yi: shi yana gefen hagu, hannunsa a kan birkin gaba, wani na turo kariya daga baya, wani na sama yana jiran karɓa.

Asalin gwanintar a ɗauri take, kuma a nan ne wanda bai sani ba yake yin abin da yake ganin hankali ne alhali kuskure ne. Zai kafe babur a kan jak, ya naɗe shi da igiya ta ko'ina, ya ce ai ya tsayu. Jak ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa. Mota na faɗawa rami babur zai yi tsalle, igiya ta yi sako-sako na ƙiftawar ido, jak ya goce ko ya huda katakon ƙasa, sai a ji rigijib. Gwani naɗe jak yake yi, ya tsayar da babur a kan tayoyinsa, ya tokare tayar gaba da bangon gaban mota, ya sa weji ko guntun katako a kowane gefe don kada ta juya. Ya matse hannun birkin gaba da robar tube, ya saka giya ta ɗaya.

Sannan igiyoyin gaba guda biyu. Ba ya ɗaurawa a ƙarshen kan babur inda ake riƙewa, don nan yana lanƙwashewa. Yana zura igiya ne a saman ƙarafan shokozoba, kusa da wuyan babur, yana kaucewa wayoyin birki da na fitila da yatsa. Ɗaya ta tafi gaba ta dama, ɗaya gaba ta hagu, kowacce a karkace zuwa ƙasa kamar igiyoyin rumfar biki. Yanzu sai ya sa wani ya danna kan babur, shokozoba ta nutse, shi kuma ya ja, ya ɗan ja dama, ya koma hagu, ya sake dawowa, har babur ya miƙe sambal. Da an saki, sifirin ɗin da ke cikin shokozoba zai so komawa sama, igiya ta hana shi. Wannan turjiya ita ce ke riƙe igiya a miƙe duk tsawon tafiya. Wato babur ɗin da kansa ke taya ɗan lodi ɗaure shi. Kuma akwai ƙa'ida: kimanin rabi ake dannawa ko ƙasa da haka. In aka nutsar da ita gaba ɗaya, robar da ke tare man shokozoba na iya fashewa, a isa gari mai na tsiyaya.

Ƙullin kansa abin kallo ne. Yakan yi ɗan zarge a tsakiyar igiya, ya kai bakinta ta ƙarfen jikin mota, ya dawo da ita ta cikin zargen, ya ja ƙasa. Da haka ƙarfin hannunsa ke ninkuwa, sai ka ga siririn mutum ya matse abin da ƙato ba zai iya da ja kai tsaye ba. Kuma duk tsananin ɗaurin, da fizga ɗaya yake kwancewa. Yanzu bel mai ƙarfen matsewa ya fara yawa, yana da kyau kuwa, sai dai yana ruɗin sabon shiga ya matse fiye da kima tunda ba ya jin nauyin a tafin hannunsa. Igiyoyin baya biyu aikinsu kaɗan ne, hana gindin babur wutsil-wutsil, a jikin firam ake sa su. Duk inda igiya ta taɓa fenti ko kujera, tsumma ko kwali na shiga tsakani.

In babura da yawa ne, akan jera su dab da dab, ana sa tsohuwar taya ko katifa a tsakani don kada fedar wannan ta huda injin wancan. Kwantar da babur kuwa sai in dole ta kama, saboda baƙin mai na gangarawa inda bai kamata ba, fetur da ruwan batir su yoyo.

Abin da ba zan yaba ba shi ne zaman mutane a saman wannan lodi. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana gargaɗi kan tireloli masu haɗa mutane da kaya, kuma tana da gaskiya. An san kuɗin mota ne ke sa talaka hakan, amma igiyar da ta riƙe babur ba ta riƙe wanda ke gyangyaɗi a kansa.

Bayan mota ta ɗan yi tafiya, direban da ya san aiki yakan tsaya, yaron mota ya hau ya daddanna igiyoyi, domin sabon ɗauri yana saki a farkon girgiza. Sauke kaya ma da nasa tsari. Ana fara sauke jak na gefe, mutum ɗaya ya riƙe babur, a sassauta igiyar dama a hankali don ya kwanto hagu ya zauna a kan jak, tunda shokozobar da aka danne tun daga Kano za ta zabura da zarar ta sami sarari. In an sauko da shi aka buga bai tashi ba, ba lalacewa ya yi ba. Kafireto ne babu mai, a buɗe makunni a ɗan jira kaɗan sannan a sake bugawa.